Ki karɓi aikin firabet ɗin, ki bar sarƙarki a inda take

Saƙon da ya shigo:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Kano, yarana biyu, na gama NCE a fannin lissafi shekara huɗu kenan ina jiran aikin gwamnati, fom kam na cike ya fi a ƙirga amma shiru. Yanzu wata makarantar kuɗi a unguwarmu sun min intabiyu sun ce zasu bani ƴan aji huɗu na firamare in riƙe, albashi 45,000, kuma in na kawo yarana zasu cire min rabin kuɗin makaranta, kuɗin 36,000 ne duk zango kowane yaro. Maigida ya amince. Matsalar Babanmu ne, tsohon hedimasta ne, yace aikin firabet bauta ce ba fansho ba daraja, in ƙara haƙuri. Ga kuma wani ɗan uwan maigida yace in kawo 400,000 zai samo min ofa ta gwamnati, har na fara tunanin saida sarƙar gwal ɗina. Anti wai akwai wani amfani a koyarwa a firabet ko dai wahalar banza ce? Ya zanyi da Baba?

Amsa:

Wa alaikumussalam ƙanwata. Bari in fara da sarƙar tunda ita ce tafi tsaya min a rai, ki maida ta cikin akwati ki kulle ki manta da ita. Aikin gwamnati ba'a saida shi a doka, duk wanda yace ki kawo kuɗi ya kawo miki ofa to ɗayan biyu ne, ko dai ya cinye kuɗin yayi ta miki gobe jibi har ki gaji, kuma ɗan uwan miji ne ba yadda zaki kai shi ƙara ba tare da gidanki ya girgiza ba, ko kuma ya kawo miki takarda mai tambari kiyi ta murna, ranar da aka zo tantance ma'aikata a ce sunanki baya ko ina. Na ga wadda tayi wata takwas tana zuwa aiki da irin wannan takarda tana jiran albashin da bai taɓa shigowa ba, kullum ana ce mata ai sunanta na hanya. Ki ce masa kin gode Allah ya saka da alheri, kuɗin ne basu samu ba, shikenan, ba sai anyi rigima ba.

Toh maganar aikin. Ni shawarata ki karɓa. Nayi shekara bakwai ina koyarwa a makarantun kuɗi guda biyu kafin na samu na gwamnati, dan haka duka ruwan biyu na sha, kuma bazan ɓoye miki ba Baba yana da gaskiya a wasu abubuwan, zan zo kansu. Amma kin tambaye ni amfanin, bari in gaya miki wanda na gani da idona.

Babban abinda firabet ta bani shine a can na koyi koyarwa. Kinga NCE ɗin nan da muke taƙama da ita, wlh ranar da na fara shiga aji na gane takarda ce kawai a hannuna, tichin firaktis ɗin da mukayi na ƴan watanni bai koya min yadda ake riƙe yara talatin masu shekara tara daga takwas na safe zuwa ƙarfe biyu ba. A makarantar kuɗi ba'a barinki ki ɓuya. Duk ranar Litinin sai kin miƙa lesin not ɗinki na sati an duba an sa hannu, in kin kwafo na bara a gane a dawo miki dashi, hedimistires tana iya shigowa ta zauna a bencin baya ba sanarwa ta ji yadda kike bayanin raba lamba, bayan an tashi ta kira ki ofis tace Malama yaran can na gefen taga basu gane ba kin lura? Lokacin haushi nake ji kamar in fashe, ina ganin takura ce da neman laifi. Sai da na koma gwamnati aka bani aji mai yara sama da tamanin, wasu a ƙasa wasu a taga, sannan na san abinda matar nan ta min, domin da ban zo da hannuna a gwanance ba da ajin nan ya cinye ni ɗanye. Abokan aikina da suka fara kai tsaye daga can da yawansu masu ƙoƙari ne amma ba wanda ya taɓa zama ya gyara musu, sufeto sai ayi zango guda ba'a ga ƙeyarsa ba.

Kuma ƙaramin aji wata ni'ima ce da sai wanda ya rasa ta yake sanin darajarta. In yara ashirin da biyar ne ko talatin a gabanki zaki san sunan kowa a sati biyu, ki san wanda baya gani sosai daga baya, ki san wadda take zuwa ba karin kumallo, ki san wanda ya iya lissafi a ka amma karatun tambayar ne yake kada shi. Zaki iya duba littafin kowa a ranar ki maida masa. Ranar da yaron da ya shigo ajinki bai iya jadawalin sau ba ya tashi ya karanto miki sau bakwai har ƙarshe ba gargada, zaki ji wani abu a ƙirjinki da ba'a siya da albashi, kuma wannan jin shine yake riƙe malami a aikin nan, wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba shi yake zama malamin zaman gindin bishiya. Ke kuma lissafi kika karanta, malaman lissafi da na kimiyya nemansu ake ruwa a jallo a makarantun kuɗi, musamman mace da iyaye zasu saki jiki su bata ƴaƴansu mata. Kina da abin siyarwa a hannunki kin ajiye shi a ɗaki shekara huɗu yana tsatsa, kuma lissafi in ba'a taɓa shi guduwa yake, ki gwada ɗauko littafin ƴan aji shida yau ki gani ko bazaki tsaya kina sosa kai a wasu wuraren ba.

Yanzu muyi lissafin kuɗin tunda ke ƴar gida ce. 45,000 kaɗan ne, ban isa in ce miki da yawa bane a wannan zamanin da tun cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka, kuma bai kai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Dokar ma ta cire wuraren da ma'aikatansu basu kai 25 ba, shi yasa ƙananan makarantu da yawa suke fakewa a nan. Amma ki duba abinda ke kewaye da kuɗin. Rabin 36,000 shine 18,000, yara biyu 36,000 kenan duk zango, zango uku 108,000 a shekara, in kin raba wata goma sha biyu 9,000 ne duk wata da aka bar miki a aljihu. Makarantar a unguwarku take, da ƙafa zaki je ki dawo riƙe da hannun yaranki, ba kuɗin adaidaita sahu naki ba nasu, ki tambayi duk wata ma'aikaciya da take hawa biyu kafin ta isa wurin aiki nawa take kashewa a wata kiji. Sannan idonki na kan yaranki, kin san malamarsu kin san me aka koya musu yau, in zazzaɓi ya kama ɗaya ƙarfe goma kina nan. Uwa ta san wannan ba ƙaramin abu bane. A gwamnati kuwa inda aka tura ki nan zaki, ni ƙauyen da aka fara kai ni sai na fita gida ana sallame asuba, rabin albashin a hanya yake ƙarewa, na shekara biyu ina bin ofis ina neman canji.

Sai lesin. Wannan shine sirrin da malaman firabet basa cika faɗa ba. Iyayen da suke biyan kuɗin makaranta sune dai masu neman wanda zai zo gida ya ƙara wa yaro karatu, ko a kawo miki shi gidanki da yamma bayan Islamiyya ko Asabar da Lahadi da safe, musamman in jarrabawar shiga sakandare ta matso, ko ƴan JSS 3 masu shirin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. A gwamnati da wuya ki haɗu da irin waɗannan iyayen, a firabet kullum suna bakin get. In hannunki na da kyau ba sai kinyi talla ba, uwa ɗaya ce zata faɗa wa ƙawarta a gidan biki. Ni akwai shekarar da kuɗin lesin ɗin yara biyar a tsakar gidana ya fi albashina, da shi na sayi keken ɗinki da firij. Sai dai ki kiyaye abu biyu, ki tambayi dokar makarantar dan wasu sun hana malami yiwa ɗan ajinsa lesin na kuɗi, kuma kar ki taɓa rage ƙoƙari a aji dan a biyo ki gida, wannan cin amana ne kuma yara suna ganewa tun kafin iyayensu.

Wani amfanin kuma, a firabet ba'a tambayarki ɗan wa kika sani. Kin je kin tsaya gaban allo sun ga abinda kika iya sun ce ki zo, cikin sati guda magana ta ƙare, ki kwatanta da shekara huɗun da kikayi kina cike fom. Haka ma ci gaba, a gwamnati matakin albashi layi ne, sai shekarunki sun cika ayi miki ƙarin girma, wani lokacin takardar ta fito kuɗin ya biyo baya bayan shekara ko fiye. A makarantar kuɗi in kinyi fice shekara biyu zaki iya zama shugabar sashe ko mai kula da jarrabawa, kuma masu makarantu suna sa ido a kan malaman juna kamar ƴan kasuwa, makarantata ta biyu su suka aiko a kira ni, saboda wata uwa da ta maida ɗanta can ta ambaci sunana, albashin ya kusa ninka na farko. Makarantun kuɗi hawa hawa ne, akwai ta lungu mai ɗaki huɗu akwai manya na Nasarawa GRA da irinsu masu biyan abinda malamin gwamnati baya samu, kuma ba wanda zai ɗauke ki a manyan in baki da shekarun aiki a ƙananan. A irinsu ne ma zaki saba da kwamfuta da shigar da sakamako ta intanet da rubuta rahoton yaro da hankali, abubuwan da yanzu ko ina ake tambaya. Kuma da yawan matan da kike gani da makarantunsu na naziri da firamare a unguwanni, ki bincika kiji, malaman firabet ne da suka zauna suka kalli yadda ake tafiyar da abin, yadda ake karɓar kuɗi, yadda ake neman rijista a ma'aikatar ilimi, yadda ake lallashin iyaye, suka fara da ɗaki biyu a gidan haya. Ban ce dole ki bi wannan hanyar ba amma ƙofa ce da ba zaki ganta daga tsakar gida ba.

Toh bari in dawo kan gaskiyar Baba, dan kar ki shiga da ido a rufe kizo kina cewa Anti bata gaya min ba. Aikin akwai gajiya, zaki zo kafin yara ki tashi bayansu, ki kwaso littattafai ki kawo gida, ranar bikin yaye ɗalibai ke ce mai ado ke ce mai jera kujeru. Akwai iyayen da suke ganin tunda sun biya kuɗi sun saye ki, uba zai shigo har aji yana ɗaga murya dan kin ce ɗansa ya tsaya a gaba, kuma mai makaranta sau da yawa bayan mai biya zai bi, ke a ce ki bada haƙuri ko ke ce da gaskiya. Akwai makarantun da basa biyan watan hutu, wato Agusta ki nemi abinda zaki ci. A makarantata ta farko an taɓa cire min kuɗin kwana uku dan na makara minti goma ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, nayi kuka a banɗaki na wanke fuska na koma aji. Kuma kowa ya tuna 2020 lokacin korona, daga Maris aka rufe makarantu wata da watanni, malaman gwamnati albashinsu na shiga, na firabet da yawa ko sisi, na san malamai maza da suka koma dako da tura ruwa. Wannan ya faru, kuma shine babban raunin aikin, in kuɗin makaranta bai shigo ba naki ma bai shigo ba.

Sai dai shima aikin gwamnatin da Baba ya sani ba shine na yanzu ba. A zamaninsu mai takardar malanta ta Grade II ana gama makaranta aiki na jiransa, malami a gari mutum ne da ake tashi a bashi wuri. Yanzu fa? A Kaduna an sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji ta 2017, mutanen da suke ganin sun riƙe aiki har ritaya. A Abuja a 2025 malaman firamare sun fi wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi, yara na zaune a gida. Maganar giratuti kuwa Baba ya fini sani, ya tambayi abokansa nawa ne suka jira shekaru kafin a basu haƙƙinsu. Duk da haka ni bazan raina shi ba, ina ciki, akwai kwanciyar hankalin da babu a firabet, ga hutu da albashi, ga dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 ta aiki. Abinda nake so ki gane shine karɓar wannan bai rufe miki wancan ba. Ba wanda ya ce in kina koyarwa a firabet ba zaki cike fom ɗin SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ba in an buɗe, sai ma ki shiga jarrabawar ɗaukar aikin da kanki a wasa, kina amsa abinda jiya kika koyar, wadda ta zauna a gida tana ta kame kame. Zomo baya kamuwa daga zaune ƙanwata.

Dan haka kafin ki ce musu eh, ki koma wurin mai makarantar da fara'arki da ladabinki ki nemi a rubuta miki komai a takarda. Albashi nawa, ranar nawa ga wata ake biya, ana biyan watan hutu cikakke ko rabi ko babu, ragin kuɗin yaran nan na duka biyun ne kuma har yaushe, ya haɗa da kuɗin littafi da yunifom ko kuɗin karatu kaɗai, ƙarfe nawa ake tashi, aji huɗun kaɗai zaki riƙe ko za'a wayi gari a ce ki haɗa da lissafin ƴan sakandare a kan albashin nan, in haihuwa ta zo wata nawa ake bayarwa kuma da biya ko babu, in zaki tafi ko zasu sallame ki sanarwar wata nawa. Kar kiji kunya, mu mata kunyar tambayar kuɗi ita take cin mu. Mai makarantar kirki bazai ji haushi ba, wanda ya fara cewa haba Malama ai mu nan ƴan uwa ne ba sai da takarda ba, to ki san Juma'ar da zatayi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kuma kar ki bada asalin satifiket ɗinki a riƙe, wasu suna haka dan kar malami ya gudu, hoto zaki bayar ki nuna asalin ki koma da abinki gida.

Sannan ki yi ɗan bincike ta bayan gida. Ki samu wata malama da take ciki, ko mafi kyau wadda ta bar wurin, ki tambaye ta ana biya a kan lokaci? Ki tambayi maigadi ko mai shara malamai nawa suka canza a shekara biyun nan, su suka fi kowa sanin gidan. Makarantar da malamai suke shekara biyar shida a cikinta akwai abinda yake riƙe su, wadda duk zango sabbin fuska kuma ba sai an gaya miki ba. Ki kuma gwada neman ƙari, ki ce lissafi kika karanta kuma zaki iya taimakawa ƴan aji shida da shirin jarrabawa, ko zasu kai 50,000 ko su yi alkawarin dubawa bayan zango biyu a rubuce. In sun ƙi ba laifi kin dai nuna kin san darajar kanki.

Maganar fansho da take damun Baba, dokar fansho ta 2014 ta shafi masu zaman kansu ma, wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye ya kamata ace ana cire kashi 8 daga ma'aikaci mai wurin ya ƙara kashi 10 a zuba a asusun ma'aikacin. Manyan makarantu wasu suna yi, ƙananan galibi ko zancen basa so. Ki tambaya dai. In babu to ke zaki zama fanshon kanki, ranar da albashi ya shigo ki cire wani abu ko 5,000 ne kafin ki taɓa sauran, ki shiga adashen malamai in masu amana ne, kwasarki ta farko kar ta tafi a anko, ki sayi abinda zai haihu ko abinda zaki iya saidawa ranar da makaranta ta rufe ba shiri. Sarƙar nan taki ma irin wannan ranar aka ajiye ta dominta.

Kuma dan Allah kar ki zauna a NCE. Ki yi rijista da TRCN in bakiyi ba, hukumar rijistar malamai ce, ana rubuta jarrabawarsu a kwamfuta a baki satifiket da lasisi, manyan makarantu da gwamnati duk suna tambaya. Bayan shekara ɗaya in kin daidaita ki nemi digirin ilimi irin wanda ake karantawa ana aiki, akwai NTI mai hedikwata a Kaduna da cibiyoyinta a jihohi, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, akwai shirye shiryen hutu da na ƙarshen mako a jami'o'i da kwalejojin ilimi. Kuɗin lesin ya biya miki wannan. Shekara huɗu masu zuwa ko dai su same ki da digiri da lasisi da shekarun aiki a takarda, ko su same ki kina jiran kiran da har yanzu bai zo ba, shekarun dai zasu wuce ko ta yaya.

Saura Baba. Kar ki je masa da gardama, kuma kar ki fara aiki a ɓoye yaji a bakin mutane, wannan zai fi masa ciwo fiye da aikin. A shari'a izinin mijinki kike buƙata kuma kin samu, amma albarkar uba ba abin wasa bace, kuma ni ina ganin ba aikin yake ƙi ba, tsoro yake kar a wulaƙanta masa ƴa a sana'ar da ya ba rayuwarsa. Ki je gida da kanki ba a waya ba, ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce Baba na zo neman shawara ne a matsayinka na wanda ya riƙe makaranta, ga abinda suka rubuta min ka duba min ko akwai inda zasu cuce ni. Tsohon hedimasta in kika miƙa masa takarda kika ce ya duba, wlh sai ya nemo tabarau da jan biro. Ki gaya masa fom ɗin gwamnati bazaki daina cikewa ba, duk ranar da ya fito zaki bada sanarwa ki tafi, kuma ki roƙe shi ya riƙa duba miki lesin not na satin farko farko dan kin san ba wanda ya kai shi. In da hali maigidanki ya raka ki ya faɗa da bakinsa cewa duk ranar da yaga ana taka ki shi da kansa zai ce ki ajiye. In kuma Baba ya dage, ki nemi ya baki zango ɗaya na gwaji, wata uku ne kawai, ki sa Mama ko wani abokinsa da yake jin maganarsa su taya ki. Maganar 400,000 ɗin ma ki gaya masa, ina da yaƙinin mutumin da yayi aiki da gaskiya shekara talatin da wani abu zai gwammace ya ganki da alli a hannu a makarantar unguwa da ace ƴarsa ta sayi ofa.

Ki je ki ga mai makarantar cikin satin nan kafin su ba wata, dan ba zasu bar aji huɗu ba malami suna jiranki ba. Ki sayi takalmi mara tsini mai laushi, tsayuwar awa shida ba wasa bace, ki riƙe ruwa a jaka saboda maƙogwaro, satin farko muryarki zata dishe kar ki tsorata tana dawowa. In kin karɓo takardar ki turo min hotonta ta inbox ki rufe sunan makarantar in taya ki dubawa kafin ki kai wa Baba. Allah ya sa albarka, ki shafa min kan yaran.